Sayen Gida da Gona a Tsallaken Iyaka

Sayen gida mai araha a ƙauyen wata ƙasa, da niyyar mutum ya ci daga gonarsa, ya sha daga rijiyarsa, ya kunna fitila da hasken rana ba tare da jiran wutar gwamnati ko ruwan famfo ba, ya samu karɓuwa a duniya cikin 'yan shekarun nan. Tsadar haya a birane ce ta fi ingiza mutane, sai kuma samuwar ayyukan da ake yi ta intanet daga ko'ina. A Italiya, garuruwan da matasa suka watse suka bari, irin su Sambuca da Mussomeli a tsibirin Sisili, sun riƙa sa tsofaffin gidaje a kasuwa a kan yuro ɗaya tak. A Japan ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna gida kusan miliyan 9 babu kowa a ciki. Amma wanda ya bi diddigin cinikin zai tarar yuro ɗayan somin taɓi ne. A Sambuca, a 2019, an sharɗanta wa mai saye ya ajiye yuro 5,000, ya kuma gyara gidan cikin shekara uku. Mallakar gidan ma ba ta ba shi izinin zama, domin mai bizar ziyara ta Turai kwana 90 kaɗai gare shi a cikin kowane kwana 180.

Mutumin ƙasar Daura ba sai ya hau jirgi ba kafin ya isa wata ƙasa. Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure ta jihar Katsina, gari ne na bakin iyaka, hanyarsa ta arewa tana fita Magariya a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Harshe ɗaya ne a ɓangarorin biyu, tuwo ɗaya, auratayya kuma ta daɗe da cakuɗa su. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sarautar Daura ta rabu, Fulani suka riƙe birnin, sarakunan Haɓe suka zauna a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram. Iyakar da ake gani yau ta fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa gonaki da dangi. Zama babu layin wuta babu famfo kuwa, wanda Bature yake nema da kuɗinsa, shi ne zaman da akasarin ƙauyukan wannan yanki suka gada, saboda haka sanin yadda ake yin sa yana nan a hannun mutane. Abin da yake ruɗar mai saye shi ne kusancin kansa. Yana ganin garin 'yan'uwansa ne, sai ya manta doka ta sauya tun daga turken iyaka.

Tambaya ta farko ita ce me ya sa gidan ya yi araha. Gidan ƙauye yana faɗuwa a farashi ne saboda abin da babu a kusa da shi: kwalta, asibiti, makarantar sakandare, ruwa mai kusa. Ginin ƙasa da masu shi suka tafi birni suka bari damina uku ko huɗu babu yaɓe, filinsa kawai ake saye. Gona kuwa lissafinta daban ne. Yankin Magariya da Matamaye da Mirya yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, gado ya yanyanka gonaki ƙanana-ƙanana, kuma manomi ba ya rabuwa da gona mai kyau sai matsi ya kai masa iyakar wuya. Haka abin yake a ƙasar Baure. Idan aka ga babbar gona da kuɗi kaɗan, ko dai jigawa ce da ta gaji, ko akwai magana a kanta. Canjin kuɗi ma yana da nasa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi ƙwarai. Wanda samunsa da naira yake sai ya ga gonar da aka yi wa kuɗi da sefa ta ƙara masa tsada, alhali mai ita bai ƙara ko sisi ba.

Dokar ƙasa ce wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai, domin nan aka fi yin asara. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne da amfani. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin gargajiya, har hekta 500 domin noma, kuma sayar da wannan haƙƙi yana buƙatar amincewarta, kamar yadda sayar da fili mai takardar gwamna yake buƙatar sa hannun gwamna. Gwamnati tana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da take biya kuwa ta gini ce da shuka da abin da aka raya. Ga baƙo lamarin ya fi tsauri. Wani Bajamushe da ya yi gini a kan dutsen Kajuru a jihar Kaduna ya sayi filin da sunan wani kamfani, saboda an shaida masa shi kansa ba zai iya riƙe takarda ba. Da rigima ta tashi tsakaninsa da kamfanin, ya sha kaye tun daga babbar kotu har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2017 tana mai nuni da cewa dokar ta 1978 'yan Najeriya ta ambata. Wannan shari'a gargaɗi ce ga ɗan Nijar mai son saye a Babban Mutum, kuma gargaɗi ce ga duk mai shirin sayen ƙasa a ko'ina da sunan aboki ko suruki. Wanda sunansa yake kan takarda shi kotu ta sani.

A Nijar tsarin ya sha bamban. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, a ƙarƙashinta kuma aka kafa kwamitocin filaye a matakin ƙauye da na ƙaramar hukuma da na gunduma. Mai gari ne yake jagorantar kwamitin ƙauye, a cikinsa kuma akwai wakilan manoma da makiyaya da mata. Wannan kwamiti yana ba da takardar shaida ga kowane irin ciniki da sunansa, wato saye da kyauta da aro da haya da jingina. Bambance su ba ƙaramin abu ba ne. Rigingimu da dama sun samo asali ne daga jinginar da aka daɗe ba a fansa ba, har jikokin mai kuɗi suka ɗauka saye ne, ko aron da aka yi wa baƙo don mutunci, shekaru suka ja, shaidu suka rasu. Takardar da Faransanci ake rubuta ta, saboda haka mai saye daga Najeriya ya nemi wanda zai karanta masa ita kalma-kalma, wanda ba shi da rabo a cikin la'ada.

A ɓangarorin biyu, gado ne babban tarko. Gonar gandu da ba a raba ba ta magada ce duka, har da mata, har da wanda ya tafi ci-rani Kano ko Legas shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba. Babban wa yana iya sayarwa da zuciya ɗaya, ƙanwarsa ta zo daga baya ta nemi rabonta, shari'a kuma ta ba ta. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar. Maganin wannan sananne ne, sai dai gaggawa takan sa a tsallake shi. A tabbatar an raba gadon, a tara magada su amince a gaban mai unguwa da dagaci ko mai gari, a kira maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa a taka iyaka tare da su, a rubuta itatuwan da ke ciki. A kuma tambaya ko burtali ya bi ta gefen gonar. Burtali da mashaya da makiyaya ba na sayarwa ba ne, kuma gonar da ta ci hanyar shanu rigima ce ake saye da kuɗi, kowace kaka sai ta tashi.

Sai batun izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 babu biza, a kanta kuma aka gina haƙƙin zama da kafa sana'a. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. ECOWAS da ƙasashen uku duk sun ce zirga-zirga za ta ci gaba, amma a farkon shekarar Nijar ta fitar da sabuwar dokar da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi. Iyakar kanta ta sha rufuwa. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Mutanen bakin iyaka sun san hanyoyin ƙafa da na babur, amma wanda hatsinsa yake rumbu a can, iyalinsa suna nan, ya san buhu ashirin ba sa bin hanyar ƙafa cikin sauƙi.

Idan takardu sun kammala, ruwa ne yake yanke hukuncin ko za a iya zama. Ruwan sama a wannan yanki yana kaiwa milimita 500 zuwa 700 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran wata takwas kuwa sai abin da ƙasa ta ɓoye. Mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata na sha da girki da tsafta lita 20 ne a rana. Gida mai mutum takwas lita 160 ke nan, kafin a zo kan dabbobi, saniya ɗaya kuwa tana shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi. Tara ruwan rufi yana taimakawa. Kowane milimita ɗaya da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 60 zai iya tara lita 36,000 a daminar milimita 600. A lissafi wannan ya ishi mutum takwas fiye da wata bakwai, amma tankin da zai riƙe shi ya fi ƙarfin yawancin masu neman gida mai araha. Rijiya ce dai madogara. Zurfin ruwa yana bambanta daga ƙauye zuwa ƙauye. A kwarin Korama na kudancin Damagaram ruwa yana kusa, shi ya sa ake noman rake da kayan lambu da rani, a kan tudu kuwa sai an yi gaba da yawa. Lokacin duba rijiya shi ne ƙarshen bazara, Afrilu ko Mayu, sa'ad da ta kai ƙarshen janyewarta. A ɗanɗana ruwan, a tambayi matan da suke ja da guga sau nawa take ƙafewa, domin sun fi dillali sanin gaskiyarta. Lokacin duba gida kuma Agusta ne, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, a ga inda yake kwanciya da inda soro yake yoyo.

Wuta ita ce ta fi sauƙi yanzu, abin da ba haka yake ba shekara ashirin da suka wuce. Rana a wannan yanki tana ba da awa biyar zuwa shida na cikakken ƙarfi a yini, farantin sola mai wat 300 yana iya samar da wajen kilowat ɗaya da rabi na awa a rana mai haske. Wannan ya isa fitilu da cajin waya da fanka da rediyo. Firji da injin tura ruwa suna son ƙarin faranti. Farantin yakan yi shekara 20 ko fiye, ƙurar hunturu ce kawai take rage masa ƙarfi idan ba a goge shi. Batir ne mai cin kuɗi, don zafi yana kashe na ruwa cikin shekara biyu ko uku, na litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada. Dabarar da ta fi ita ce a rage dogaro da batir: injin rijiya ya yi aiki da rana kai tsaye ya cika tankin da ke sama, da dare ruwa ya sauko da kansa. Ga kayan miya kuma akwai tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tumatir da ganye suna yin kwanaki a cikinta babu wuta.

Ginin ƙasa bai kamata a raina shi ba. Katanga mai kauri ta tubali da rufin soro na azara suna riƙe sanyi da rana su saki ɗumi da dare, abin da bulo da kwano ba sa yi, kuma mai ɗakin ƙasa ba ya buƙatar fanka kamar mai ɗakin kwano. Farashinsa shi ne kulawa: yaɓe kafin kowace damina, gyaran indararo, da sa ido a kan gara.

Ciyar da kai daga gona shi ne inda buri yakan yi karo da lissafi. Mutum ɗaya a ƙasar tuwo da fura yana cin hatsi kilo 200 zuwa 250 a shekara. Gida mai mutum takwas yana son buhu 16 zuwa 20 masu kilo 100. Gero a jigawar da ba ta samun taki yakan ba da wajen kilo 500 a hekta, wani lokaci ƙasa da haka. Ke nan sai hekta huɗu kafin a ci shekara, in damina ta yi kyau, kuma ba kowace take yin kyau ba. Manoman yankin ba sa dogara da gero shi kaɗai. Suna haɗa shi da wake da dawa a gona ɗaya, su ware wani wuri don gyaɗa ko riɗi ko zoɓo na sayarwa, su ajiye harawa da karmami don tumaki da awaki, takin dabbobin ya koma gona a kan amalanke. Wake, wanda ƙwari suke gamawa da shi cikin 'yan watanni, yanzu ana adana shi a buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, babu magani.

Itatuwan da ke cikin gona suna cikin darajarta, musamman gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili tsayi da zangarniya. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itace a gona suna yi masa aski maimakon sassabe shi, abin da ake kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta hekta miliyan biyar ta farfaɗo ta haka a Nijar. Magariya da Matamaye da Mirya suna cikin wuraren da gawo ya fi yawa. Gona mai gawo ashirin da gona ƙwal ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da faɗinsu ɗaya ne. Daga rassan da aka aske kuma ake samun itacen girki, wanda gidan da ba shi da gas yake buƙata kullum.

Duk da haka babu gidan da yake wadatar da kansa ɗari bisa ɗari. Gishiri da sabulu da magani da sutura da kuɗin makaranta da sabon batir duk kuɗi suke so, kuma shekarar fari sai an sayi hatsi. Manoman da aka haifa a wurin ma da ci-rani da kiwon turke da ƙaramar sana'a suke cike giɓin. Wanda ya zo daga birni yana buƙatar wata hanyar samu da ba ta jiran ruwan sama, ko fansho ko haya ko kasuwanci, da ajiyar da za ta riƙe shi damina biyu na farko, lokacin da yake koyon ƙasar. Kasuwannin yankin, irin ta Mai'aduwa da ta yi suna wajen dabbobi, su ne inda rago yake komawa kuɗi idan buƙata ta taso. Ya kuma auna nisan asibiti da awa, a kan babur, da dare, a watan Agusta, musamman in akwai mai ciki ko tsoho a gidan, don lokacin ne zazzaɓin cizon sauro yake tsananta, hanya kuma take lalacewa. Ta fuskar tsaro, ƙasar Daura ta fi yammacin jihar Katsina kwanciyar hankali a shekarun da 'yan bindiga suka addabi su Batsari da Jibiya, amma gidan da ya ware shi kaɗai a daji, da faranti a kan rufi da shanu a turke, yana jan ido a ko'ina.

Wannan ne ya sa tunanin Turawa na keɓewa nesa da mutane bai dace da nan ba. Aikin gona na gayya ne, haƙar rijiya ta jama'a ce, gobarar rumbu maƙwabta ne suke kashe ta, kuma shaidar da za ta tsaya wa mutum ranar da aka yi jayayya a kan iyakar gonarsa ita ce ta waɗanda yake gaisawa da su a masallaci. Baƙon da ya fara da gaida mai gari, ya samu mai masauki da zai tsaya masa, ya halarci suna da jana'iza, ya fi wanda ya zo da takarda da waya mai ƙaya samun zama lafiya. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da haya ko aro na shekara guda, a rubuce, a ga rani da damina da kaka a wurin kafin a biya kuɗin saye.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne makomar gidan bayan mai shi. Dukiyar da ke wata ƙasa hukumomin can ne za su duba gadonta, magada kuwa galibi suna wannan ɓangaren, wasu ba su taɓa taka gonar ba. Ya kamata takardun su zama kwafi biyu, ɗaya a can ɗaya a gida, a rubuta sunayen shaidu da na maƙwabtan gona, a kai manyan 'ya'ya su ga iyaka da idonsu, a kuma gabatar da su ga mai gari tun mai gidan yana da rai.